Rana da Iyalinta: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Kan Koya wa Yara Ilmin Sararin Sama

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana yadda za a koya wa ƙananan yara, 'yan shekara shida zuwa goma sha biyu, labarin rana da wata da duniyoyin da ke kewaya rana, ta hanyar wasa da aikin hannu, da kayan da a ke samu a kowane ƙauye. Mai yiwuwa ne wani ya ce ai wannan aikin malamin makaranta ne, ina ruwan hakimi da shi? To, ruwansa da shi babba ne, kuma ga dalili.

Dalilin da ya sa maganar ta shafi hakimi

Ran Laraba, 29 ga watan Maris na 2006, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, wata ya shiga tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta faɗo a kan ƙasar nan. Ta shigo daga wajen Gana da Togo da Benin, ta ratsa ƙasar Zuru, ta bi ta Gusau da Katsina, ta haura Nijar, ta nufi Libiya da Turkiyya. Garuruwan da ke tsakiyar hanyar inuwar sun yi minti uku da ɗoriya cikin duhu da hantsi. Yaran da suka ga wannan abu su ne iyayen 'yan makaranta yanzu. Abin lura a nan shi ne, tun da sauran shekaru masana suka lasafta ranar da sa'ar da kuma garuruwan da inuwar za ta bi, suka buga a takardu, ba su kuwa kuskure ba. Wanda labarin ya kai gare shi ya fito ya yi kallon ikon Allah da kwanciyar rai. Wanda bai ji ba kuwa, sai abin ya auko masa kwatsam.

Rashin sanin irin wannan abu yakan jawo ɓarna iri biyu. Ta farko ita ce tashin hankali. A watan Janairu na 2001 an yi husufin wata, sai waɗansu samari a Maiduguri suka ɗauka zunuban mutanen gari ne suka jawo shi, suka fita suka ƙone masaukai da gidajen shaye-shaye, sai da jami'an tsaro suka shiga tsakani. Ta biyu ita ce lalacewar ido. Yaron da ya ƙura wa rana ido lokacin husufi, haskenta yana iya ƙona masa can cikin idon ba tare da ya ji zafi ba, sai daga baya a tarar ganinsa ya ragu, wani lokaci kuwa ba ya komowa. Zaman lafiyar gari da lafiyar talakawa amana ce a wuyan hakimi. Saboda haka duk abin da zai kawar da tsoro da jita-jita, ya kuma tsare idon yara, ya shiga cikin aikinsa.

Ba baƙon ilmi ba ne

Kada wani ya zaci duban sama ilmin Turawa ne kaɗai. Manomin ƙasar nan ya san Kaza da 'ya'yanta, ya san Zara da ke fitowa yamma bayan faɗuwar rana, ya san Gamzaki da ke fitowa gabas da asuba. Malaman hisabi sun raba shekara gida 28 bisa ga masaukan taurari, kowane gida kwana 13, sai guda ɗaya mai kwana 14, jimla kwana 365, da haka su ke sanin lokacin shuka da lokacin ɗaukewar ruwa. Ladanai tun kafin zuwan agogo da inuwa su ke gane azahar da la'asar, suna aunawa da ƙafa. A Katsina an yi Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya shahara da ilmin lissafi da na taurari har a ƙasar Masar, ya rasu a Alƙahira a 1741.

A zamanin baya-bayan nan ma ƙasar Hausa ba ta zama 'yar kallo ba. Rasha ta harba kumbo na farko a 1957, ta kuma aika da mutum na farko, Yuri Gagarin, ya kewaya duniya a 1961. Da Amurka ta tashi aika nata mutanen, sai ta kafa tashoshin bin sawun kumbo a wurare dabam-dabam na duniya, ɗaya daga cikinsu a Kano ta ke. Sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau uku ran 20 ga Fabrairu 1962, tashar Kano tana cikin waɗanda suka yi magana da shi. A 1969 mutum ya taka wata. Nijeriya ta kafa hukumarta ta binciken sararin sama a 1999, aka kuma harba mata tauraron ɗan'adam na farko a 2003. Watau abin da a ke nema shi ne a ɗora sabon sani a kan tsohon tushe, yadda yaro zai ga maganar kakansa da ta malaminsa sun haɗu a wuri guda.

Abin da a ke so yaro ya sani

Abin da a ke so ya zauna a zuciyar yaro ba shi da yawa. Rana tauraruwa ce kamar sauran taurari, kusancinta ne ya sa ta fi su girma da haske a ido. Faɗinta ya yi na duniya sau 109, nisanta kuwa wajen kilomita miliyan 150 ne, haskenta yakan yi minti takwas da ɗoriya kafin ya iso. Duniyoyi takwas ne ke kewaya ta, ba su da hasken kansu, nata su ke aro. Biyar daga cikinsu ana ganinsu da ido, kuma malaman Arabiyya sun daɗe da sanin sunayensu.

Na kusa da rana shi ne Uɗaridu, yana gama kewayensa cikin kwana 88. Sai Zuhura, mai kwana 225, wadda ta fi kowace duniya zafi saboda kaurin iskar da ta lulluɓe ta. Ita ce Zara, ita ce kuma Gamzaki, domin aba ɗaya ce: takan yi watanni tana bin bayan rana da maraice, ta ɓace, sa'an nan ta yi waɗansu watanni tana riga rana fitowa da asuba. Ta uku ita ce wannan duniya, mai kwana 365 da rubu'i, da wata guda ɗaya yana kewaya ta. Na huɗu Mirrihu, mai kwana 687, ja ne saboda tsatsar ƙarfe da ke cikin ƙasarsa, kamar dai jar ƙasar da a ke gani a tudu. Sai Mushtari, babbansu duka, wanda faɗinsa ya yi na duniya sau 11, yana shekara kusan 12 kafin ya kewayo. Sai Zuhalu mai zobe na ƙanƙara da duwatsu, shekara 29 da rabi. Biyun ƙarshe sai da madubin hangen nesa aka gano su: Yuranus a 1781, mai shekara 84, da Naftun a 1846, mai shekara kusan 165. Malamin da ya yi karatu da tsohon littafi zai tarar an rubuta duniyoyi tara, har da Fuluto. A watan Agusta na 2006 taron masana taurari na duniya ya fitar da Fuluto daga jerin manya, ya sa shi cikin ƙananan duniyoyi. Ya kamata a gyara wannan a littattafan da ke makarantu.

In aka rubuta waɗannan a allo aka ce yara su haddace, za su haddace, su manta kafin kaka. Amma gani ya kori ji. Ga ayyuka biyar waɗanda kowace makaranta za ta iya yi.

Aiki na farko: ƙwarya da ƙwayar gero

A nemi ƙwarya mai faɗin santimita 30, watau ƙafa ɗaya, a kife ta a bakin fili ko a gefen hanya miƙaƙƙiya, a ce ita ce rana. A bisa wannan ma'auni duniya ba ta wuce ƙwayar gero guda ba. A sami igiya a auna mita goma, a riƙa miƙa ta ana ƙirgawa. A mita 12 da rabi yaro ya tsaya da ƙwayar acca, shi ne Uɗaridu. A mita 23 wata yarinya ta tsaya da ƙwayar gero, ita ce Zara. A mita 32 wani ya tsaya da wata ƙwayar geron, ita ce duniya, da dukan ƙasashenta da tekunanta. Wata kuwa ɗan tsakuwar yashi ne a gefenta, tsakaninsu faɗin yatsu huɗu. Mirrihu yana mita 49, rabin ƙwayar gero. Daga nan sai tafiya ta miƙe. Mushtari goro ne guda a mita 168. Zuhalu ɗan kanya ne a mita 308. Yuranus ƙwayar gurjiya ce a mita 619, Naftun ma gurjiya ce a mita 969, watau saura kaɗan kilomita guda daga ƙwaryar.

In sun kai ƙarshe a sa su waiwaya su nemi ƙwaryar da ido. A nan ne yaro zai gane da ƙafarsa cewa sararin sama yawancinsa fili ne wayam. Sa'an nan malami ya gaya musu tauraruwar da ta fi kusa bayan rana, a wannan ma'auni, tana nisan fiye da kilomita 8,000, watau ya fi tafiya daga Sakaba zuwa Makka da komowa. Bayan an dawo aji, a ba su yumɓu su mulmula duniyoyin, su shafa wa Mirrihu jar ƙasa, Zara farar ƙasa, duniya shuni, su saƙa wa Zuhalu zobe na kaba, su jera su bi da bi a gindin bango. Hannun da ya mulmula abu ba ya saurin manta sunansa.

Aiki na biyu: wasan kewaye da ganga

A zana da'ira huɗu da toka a dandali, wata cikin wata, yaro guda ya zauna a tsakiya da jar hula, shi ne rana. A kan da'ira ta ciki a ajiye duwatsu 3, ta biyu 7, ta uku 12, ta huɗu 23, a raba tsakaninsu daidai. Yara huɗu su tsaya, kowa a kan da'irarsa: Uɗaridu, Zara, Duniya, Mirrihu. Mai ganga ya buga sau ɗaya, a ce wata guda ya wuce, kowa ya matsa zuwa dutse na gaba, dukansu suna bin hannu ɗaya. In an buga sau 12, Duniya ta komo inda ta tashi, shekara ta cika. Uɗaridu ya riga ya kewayo sau huɗu, Mirrihu kuwa bai wuce rabin hanya da yawa ba. Sai a tambayi mai riƙe da matsayin Duniya a wane gefen rana ya ke ganin Zara. Zai ga wani lokaci tana dama, wani lokaci tana hagu, wani lokaci kuma ta shige bayan rana ko gabanta. Wannan shi ne asirin Zara da Gamzaki, ya warware ba tare da dogon bayani ba. A riƙa sauya 'yan wasan, maza da mata, har kowa ya taka.

Aiki na uku: sanda da inuwa

A kafa sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita guda a tsakar makaranta inda ƙasa ta ke shimfiɗe. Tun daga safe, kowace sa'a yaro ya ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwar. Za su ga da safe inuwa doguwa ce tana nuna yamma, ta riƙa gajarta har tsakar rana, sa'an nan ta juya gabas tana ƙara tsawo. A ƙasar Sakaba inuwa takan kai iyakar gajartarta bayan ƙarfe goma sha biyu da rabi kaɗan. Malami ya bayyana musu cewa duniya ce ke juyawa daga yamma zuwa gabas sau ɗaya cikin sa'a 24, shi ya sa a ke ganin kamar rana ce ke tafiya. Shaidar da kowa ya sani ita ce ta azumi: mutanen Maiduguri sukan riga mutanen Zuru shan ruwa da wajen rabin sa'a, domin suna gabas, rana takan riga faɗuwa a wajensu.

In an bar sandar a wurinta shekara guda, ana auna inuwar tsakar rana kowane mako ana rubutawa, za a ga abin mamaki. A watan Disamba inuwar tana nuna arewa, tsawonta wajen santimita 69. Tana ta raguwa har wajen 19 ga Afrilu, ranar da rana ke tsayawa a tsakar ka, sanda ta rasa inuwa. Daga nan inuwar ta koma kudu, ta kai wajen santimita 22 a watan Yuni, ta sake ɓacewa wajen 24 ga Agusta, ta koma arewa. Dalili shi ne duniya a karkace ta ke kewaya rana, karkatar ta kai digiri 23 da rabi. Sa'ad da rana ta hauro arewa, iskar teku mai ɗauke da ruwa takan biyo ta, damina ta sauka. In ta gangara kudu sai iskar hamada ta sami hanya, hunturu ya shigo. Ɗan manomi da ya riƙe wannan littafin awo na shekara guda ya koyi lissafi da rubutu da haƙuri gaba ɗaya.

Aiki na huɗu: allon wata

Kowane yaro ya zana gida 30 a allo ko a takarda. Daga daren da aka ga jinjirin wata, kowane dare ya duba sama daga tsakar gidansu, ya zana siffar watan a gida ɗaya, ya rubuta ko yana gabas ko yamma ko tsaka. Zai ga jinjiri yana yamma bayan magariba, ran bakwai ya zama rabi, ran goma sha huɗu ya cika yana fitowa gabas daidai faɗuwar rana, daga nan kuma kullum ya riƙa jinkirin fitowa da wajen minti 50 yana raguwa. In watan ya ƙare, sai a shiga ɗaki mai duhu a kunna fitila guda, a ce ita ce rana. Yaro ya soke lemo a tsinke ya riƙe a gabansa, kansa shi ne duniya, lemon shi ne wata. Ya riƙa juyawa a hankali yana duban lemon. Zai ga dukan siffofin da ya zana a allonsa sun bayyana bi da bi, ya gane kullum rabin wata ne ke samun haske, abin da ke sauyawa shi ne yawan abin da a ke hange daga duniya.

Daga nan sai a shiga lissafin da ya shafi malamin hakimi kansa. Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wata kan yi 29 ko 30, kuma shekarar Hijira ta ke da kwana 354, ta gaza shekarar rana da wajen kwana 11. Wannan ne ya sa azumi ke zagayawa, wani zamani ya faɗo cikin bazara, wani zamani cikin damina ko hunturu, ba ya komowa inda ya tashi sai bayan shekara wajen 33.

Aiki na biyar: husufi a cikin ɗaki

Da fitilar nan da lemon nan za a nuna husufi. In yaro ya ɗaga lemon daidai tsakanin idonsa da fitila, lemon ya tare hasken, inuwarsa ta faɗo a fuskarsa, wannan shi ne husufin rana, kuma ba ya aukuwa sai a ƙarshen wata. In ya juya wa fitila baya har inuwar kansa ta rufe lemon, wannan shi ne husufin wata, ba ya aukuwa sai wata ya cika. Abin da ya hana a yi husufi kowane wata shi ne hanyar wata ta ɗan karkace da wajen digiri 5, saboda haka yawancin lokaci inuwar takan wuce ta sama ko ta ƙasa. A al'ada in wata ya yi duhu akan ce rana ta kama wata, yara su fita suna kaɗa gwangwani don ta sake shi. Ba a bukatar a yi wa al'adar ba'a. Ya isa a nuna wa yaro cewa inuwar duniya ce ta faɗa kan wata, kamar yadda aka gani a daren 27 ga Yuli 2018, sa'ad da wata ya yi ja na fiye da sa'a ɗaya da rabi.

Malaman addini abokan aiki ne a wannan wuri. Sananne ne cewa an yi husufin rana a Madina ranar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai Manzo ya gyara musu, ya nuna rana da wata ayoyin Allah ne waɗanda ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umurce su da salla da addu'a. Saboda haka sanin lissafin husufi bai hana sallarsa ba. Ya kyautu hakimi ya sanar da limamai da fastoci tun da wuri, domin maganarsu tana isa inda takarda ba ta isa.

Gargaɗi

Kada a bari yaro ya dubi rana kai tsaye, ko da husufi ko babu. Baƙin tabarau ba ya tsare ido, haka gilashin da aka turara da hayaƙi, haka duban rana a cikin kwanon ruwa. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce a huda ƙaramin rami a kwali, yaro ya juya wa rana baya, ya bar hasken ya ratsa ramin ya faɗi a kan farar takarda, ya dubi takardar. Rariyar tankaɗe mai manyan idanu ma tana yi, haka hasken da ke ratsowa tsakanin ganyen itace, inda za a ga ɗaruruwan 'yan jinjirin rana a ƙasa. Husufin wata kuwa ba shi da wata illa ga ido.

Gargaɗi na biyu ya shafi tsaro. Ƙasar Zuru ta sha wahalar 'yan bindiga, har karatun yara ya sha yankewa a wurare da dama. Saboda haka kada a tara yara da dare a fili ko a makaranta da sunan kallon taurari. Duban dare na tsakar gida ne, a gaban iyaye. Aikin ƙwarya kuma da rana za a yi shi, a hanyar da mai gari ya amince da ita, in kuwa babu halin tafiyar kilomita guda sai a tsaya a Mushtari ko Zuhalu, a faɗa musu sauran da baki.

Aikin hakimi da na malaminsa

Abin da a ke roƙon hakimi ya yi guda huɗu ne. Na ɗaya, ya kira hedimastocin gundumarsa da malaman makarantun allo, a karanta musu wannan takarda, a kuma sanar da Sakataren Ilmi na Ƙaramar Hukuma a Dirin Daji. Na biyu, ya sa dagatai su nuna filin da za a yi aikin ƙwarya da wasan kewaye, su ba da makaɗi na yini guda. Na uku, ya halarta da kansa ko sau ɗaya, domin iyaye in sun ga rawani a filin makaranta sukan san abin ba wasan banza ba ne, su bar 'ya'yansu mata ma su zo. Na huɗu, in husufi ya gabato, ya sa a yi shela a kasuwanni tun da sauran mako biyu, a faɗi ranar, a faɗi gargaɗin ido.

Malamin hakimi kuwa aikinsa biyu ne. Na farko, ya buɗe littafi na musamman. Ƙasar Sakaba ta tara Dakarkari da Kambari da Acipawa da Fulani da Hausawa, kowace kabila da sunayen da ta ke kiran taurari da su, da alamun da ta ke gane shigowar damina. A sa yara su tambayi kakanninsu, su kawo wa malamin makaranta, shi kuma ya miƙa wa malamin hakimi ya rubuta sunan, da harshen, da ƙauyen, da watan da a ke ganin tauraron. Tsofaffin da suka san waɗannan suna ƙarewa, abin da ba a rubuta ba kuwa da su zai tafi. Na biyu, ya rubuta waɗannan ranaku a bangon ofis. Ran 2 ga Agusta 2027 za a yi husufin rana wanda zai rufe ta ɗungum a Masar da Jidda da Makka, a nan Arewa kuma za a ga wani sashe nata ya rufe. Ran 20 ga Maris 2034 inuwar wata za ta sake ratsa Nijeriya, wannan karo ta kudu, ta wajen Legas, a ƙasar Zuru kuwa rana za ta ragu ƙwarai ba tare da ta rufe duka ba. Yaron da ke aji ɗaya yanzu zai ga duka biyun, kuma abin da aka koya masa shi zai gaya wa mutanen gidansu a ranar.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kayan aikin duka ba su wuce ƙwarya da igiya da sanda da lemo da fitila ba, sai umurnin hakimi da himmar malami. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya raya yara, ya zaunar da ƙasar Sakaba da Masarautar Zuru lafiya, amin.